Yadda Ake Kiwon Kifin Animoni a Akwatin Gilashi a Karkarar Kano da Jigawa

Kifin animoni ƙaramin kifi ne na teku mai ɗumi, wanda tsawonsa ba ya wuce santimita 11 ko da ya gama girma. Launinsa ruwan goro ne, da ratsin fari guda uku, ɗaya a bayan ido, ɗaya a tsakiyar jiki, ɗaya a gindin wutsiya, kuma kowane ratsi yana da siririn baƙi a gefensa. Masana suna kiransa Amphiprion ocellaris, dillalan kifin ado kuma suna ce masa kilawunfish, kuma da wannan sunan ne za a neme shi a wurinsu. Masu nutso suna ganinsa a duwatsun murjani na gabashin tekun Indiya da yammacin tekun Fasifik, wato gaɓar Indunusiya da Malesiya da Filifin da Tailan da arewa maso yammacin Ostireliya, a ruwa marar zurfi da bai cika wuce mita 15 ba. Mazauninsa shi ne animoni, wata halittar ruwa mai taushi da ke manne da dutse, mai yatsu masu yawa da suke harbin kifin da ya taɓa su. Shi kuwa yauƙin da ke jikinsa yana kare shi daga harbin, don haka yake fakewa a cikinta idan babban kifi ya biyo shi. Danginsa sun kai kusan iri 30, har da wani mai ratsi biyu da ke Bahar Maliya, tekun da Jidda take bakinsa, amma babu ko ɗaya a tekun Atalantika. Ke nan wanda ake sayarwa a Najeriya ba a gaɓar Legas aka kamo shi ba.

A cikin kifayen murjani wannan yana daga cikin masu juriya, shi ya sa masu fara kiwon kifin teku suke farawa da shi. Duk da haka, wanda ya saba da kiwon tarwada ya kamata ya ajiye abin da ya sani a gefe. Tarwada tana leƙowa sama ta shaƙi iska, tana jure ruwan da ya lalace, kuma idan kududdufi ya yi wari sai a zubar a tara sabo daga rijiyar burtsatse. Kifin animoni ya fito daga ruwan da zafinsa da gishirinsa ba sa canzawa sosai daga safe zuwa dare, kuma ba shi da wata dabara idan iskar oksijin ta ƙare a ruwa. Aikin mai kiwonsa kusan duka aikin tsare ruwa ne, kifin kansa shi ne abu na ƙarshe da ake saya.

Wuta da ɗaki

Matakin farko shi ne lissafin wutar lantarki, kuma a nan ne ya kamata mutum ya yanke shawarar ko zai ci gaba ko zai haƙura. Famfunan da ke motsa ruwan akwati dole ne su yi aiki dare da rana, domin idan ruwa ya tsaya na sa'o'i a lokacin zafi oksijin yana raguwa, kifi ya galabaita, ƙwayoyin bakteriya masu tsabtace ruwan su ma su mutu. Wanda yake dogara da wutar layi kaɗai a ƙauyukan Ringim ko Gumel ko Ɗambatta ya san cewa ba za ta yi wannan aiki ba, janareta kuma ba ya kwana yana aiki kullum. Abin da ya rage shi ne sola da batir da inbata.

Lissafin ba shi da wuya. Idan famfunan biyu suna jan wat 25 a haɗe, a sa'a 24 sun ci wat-awa 600. Fitila mai wat 20 da za ta yi sa'a 8 ta ci 160, ƙaramar fanka mai wat 5 a sa'a 10 ta ci 50. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200 a rubuce, amma idan irin mai ruwa ne ko mai jel, rabin wannan kawai ya dace a ja idan ana so ya yi ƙarko. Wannan zai raka famfuna su kwana. Matsalar tana zuwa da hunturu, lokacin da hita mai wat 100 za ta iya yin sa'a 6 tana aiki a dare guda, ta cinye wat-awa 600 ita kaɗai, ga kuma hazo da ƙura suna rage abin da faifan sola yake tarawa. Saboda haka batir mai amfiya-awa 200 ya fi zama abin dogaro, kuma ya fi kyau a ware shi ga akwatin, kada a haɗa shi da cajin wayoyin unguwa. A ƙara da ɗan injin hura iska mai aiki da batirin tocila, a ajiye shi kusa don ranar da inbata ta lalace.

Bayan wuta sai ɗaki. Zafin da kifin yake so yana tsakanin digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya haura 30 ya daɗe a nan, akwai haɗari. A yankinmu zafin rana yana wuce digiri 40 a watan Afirilu da Mayu, a Disamba da Janairu kuma sanyin asuba yana sauka ƙasa da digiri 15, don haka zaɓen ɗaki ya fi zaɓen kowace na'ura muhimmanci. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi ɗakin bulo mai kwano ba silin nesa ba kusa ba, domin yana jinkirin ɗaukar zafi da rana, yana jinkirin sakinsa da dare. Kafin a sayi komai, a cika bokitin roba da ruwa, a ajiye shi inda ake nufin ajiye akwatin, a sa ma'aunin zafi a ciki, a riƙa dubawa da asuba da la'asar har mako guda a tsakiyar bazara. Idan ruwan bokitin yana kaiwa digiri 33 ko 34, fanka ba za ta iya da wannan ɗaki ba, sai a nemi wani. Kada wurin ya kasance inda rana take faɗowa ta taga, kada kuma ya kusanci madafa. Ɗakin da ake kunna maganin sauro ko ake fesa fiya-fiya ko ake yawan turaren wuta bai dace ba ko kaɗan, domin abin da ke yawo a iskar ɗaki yana narkewa a ruwa, kuma maganin ƙwari yana kashe kifi ko da kaɗan ne.

Akwati da kayan aiki

Ga kifi biyu, akwati mai ɗaukar kimanin lita 100 ya wadatar, misali mai tsawon santimita 80, faɗi 35, tsayi 40. Masu farawa sukan ɗauka ƙaramin akwati ya fi sauƙi, alhali shi ne mafi wuya, domin ruwa kaɗan ya fi saurin ɗaukar zafi, ya fi saurin lalacewa. Idan mai aikin gilashi ne zai haɗa shi, a tabbatar gilashin bai gaza kaurin milimita 8 ba, kuma silikon ɗin da zai liƙe shi wanda aka yi don akwatin kifi ne, ba irin na bayan gida mai maganin fumfuna ba. A cika shi da ruwan rijiya a tsakar gida, a bar shi kwana biyu ko uku a ga ko yana yoyo. Akwatin da ya cika da ruwa da duwatsu yana iya kaiwa kilo 150, don haka teburinsa ya zama mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe ba karkata, da soso ko kwalin kumfa a ƙarƙashin gilashin.

Sauran kayan su ne matata mai famfo, da ƙaramin famfo na biyu da zai riƙa kaɗa saman ruwa, da hita mai kashe kanta idan zafi ya kai inda aka saita, da ma'aunin zafi, da fitila, da ma'aunin gishiri irin wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ido, da magungunan gwajin amoniya da nitirayit da nitiret, wato dattin da ke taruwa a ruwan kifi, da na pH, wato awon tsamin ruwa. Bokitai da mazubi da tiyo duk su zama na roba, sababbi, waɗanda ba su taɓa ganin sabulu ko omo ba. Ƙarfe da tagulla da bokitin kwano ba sa shiga wannan aiki, domin ruwan gishiri yana cinsu, abin da ya ci kuma yana komawa cikin kifi. A yi wa akwatin murfin raga, saboda kifin yana tsalle idan ya firgita.

Haɗa ruwan teku

Wannan shi ne matakin da aka fi yin kuskure a cikinsa. Ruwan teku yana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri a kowace lita, amma ba gishirin miya ba ne zalla. Akwai maganiziyom da kalsiyom da fotasiyom da salfet da kabonet a cikinsa, kuma su ne suke riƙe pH ɗin ruwan tsakanin 8.1 da 8.4. Gishirin kasuwa ba shi da waɗannan yadda ake buƙata, an kuma ƙara masa aidin da maganin hana dunƙulewa. Kanwa da manda da balma su ma ba za su maye gurbinsa ba, ko an gauraya su. Abin da ake nema shi ne haɗaɗɗen gishirin akwatin kifin teku, wanda ake sayarwa a buhu ko bokiti a wurin dillalan kifin ado na manyan birane, kuma shi ne kuɗin da ba ya ƙarewa a wannan kiwo. Cikon farko zai ci kimanin kilo uku da rabi, canjin lita 10 a kowane mako kuma zai ci kusan kilo 18 a shekara. Wanda ba shi da tabbacin hanyar samun gishirin a kai a kai bai shirya ba tukuna.

Ruwan da za a narkar da gishirin a ciki shi ma ba kowane ruwa ba ne. Ruwan rijiya da na burtsatse suna iya ɗaukar ƙarfe da nitiret, musamman inda rijiyar take kusa da gonar da ake zuba wa taki ko kusa da masai, kuma ruwan da mutum zai sha lafiya ba lalle ne ya dace da kifin murjani ba. Mafi inganci shi ne ruwan da ya bi ta matatar da ake kira RO, wadda take cire kusan duk abin da ya narke a ruwa. Wasu masu sarrafa ruwan leda da na roba suna da wannan na'ura, kuma ana iya sayen ruwan a jarka daga wurinsu, amma a je da ɗan ma'aunin TDS, mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, wanda bai fi alƙalami girma ba, a tsoma a gani. Idan ya nuna ƙasa da 10, ruwan ya yi. Idan ya nuna 100 ko 200, ba RO ba ne, ko mai shi ya rantse.

Ana fara zuba ruwa a bokiti, sannan a riƙa barbaɗa gishirin a hankali ana juyawa. Ba a zuba ruwa a kan tarin gishiri, domin wani ɓangarensa yana daskarewa ya ƙi narkewa. A sa famfo a cikin bokitin ya kwana yana juya ruwan, washegari a auna. Kafin awon farko a ɗiga ruwan RO zalla a kan ma'aunin, a murɗa ƙusar saiti har layin ya tsaya a kan sifili, wato daidai da 1.000. Abin da ake so ma'aunin ya nuna shi ne 1.025, kuma daga 1.023 zuwa 1.026 duk babu laifi, muddin ba ya hawa da sauka kullum. Idan ya yi yawa a ƙara ruwa, idan ya yi kaɗan a ƙara gishiri, a jira ya narke, a sake aunawa.

Duwatsu da yashi, da jiran da ba a tsallakewa

A shimfiɗa yashin murjani kaurin santimita 2 zuwa 3 bayan an wanke shi da ruwan RO, a jera kimanin kilo 10 na duwatsun murjani masu ramuka, a bar musu kogo da mashiga, a kuma tabbatar sun zauna daram a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashin, don kada su gangaro. Duwatsun ba ado kawai ba ne. Ramukansu ne gidan bakteriyar da za ta tsabtace ruwan. Dutsen da ake fasawa a yankin Dutse da Birnin Kudu ba shi da ramuka, marmara kuma cike take da ƙarfe, yashin kogi yana zuwa da laka da datti, don haka duk a bar su a waje.

Kifi yana fitar da amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma tana ruɓewa ta zama amoniya, kuma amoniya guba ce. Wani nau'in bakteriya yana mayar da ita nitirayit, wanda shi ma guba ne, wani nau'in kuma ya mayar da nitirayit nitiret, wanda kifi yake jurewa idan bai taru da yawa ba. Sabon akwati ba shi da waɗannan ƙwayoyi da yawa, sai an raine su. A cika akwatin, a kunna famfuna, a jefa ɗan guntun ɗanyen kifi kamar girman ƙwayar gyaɗa ko a barbaɗa abincin kifi kaɗan, a bar shi ya ruɓe. Idan an samu bakteriyar kwalba da ake sayarwa don wannan aiki, tana rage tsawon jiran. A riƙa gwaji duk bayan kwana biyu ko uku ana rubutawa a littafi. Za a ga amoniya ta tashi a makon farko, sannan ta fara sauka yayin da nitirayit yake hawa, daga baya shi ma ya sauka, nitiret ya bayyana. Wannan yana ɗaukar mako 4 zuwa 6. A tsakanin haka duwatsu da yashi za su yi wata ƙura-ƙura mai launin ƙasa, kamar an watsa musu garin kuka da ya tsufa. Ba lalacewa ba ce, tana gushewa da kanta. Ba a sa kifi sai amoniya da nitirayit duka sun nuna sifili, an ƙara abinci kaɗan, an sake gwadawa bayan kwana guda sun kuma nuna sifili. A lokacin sai a canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan, a yi odar kifi.

Waɗannan makonni na jira su ne kuma lokacin gwada sola. Duk daren da aka farka aka tarar famfo ya tsaya, an gano matsalar da ya kamata a gyara tun babu rai a cikin akwatin.

Sayen kifin da kawo shi gida

A nemi wanda aka ƙyanƙyashe a gidan kiwo, ba wanda aka kamo daga teku ba. Na kiwo ya saba da abincin gwangwani da zaman akwati, bai cika zuwa da cuta ba, kuma sayensa ba ya rage na daji. A wasu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana kama kifin ado da gubar sayanayid, wadda take sumar da kifi ta kuma kashe murjani, kifin da aka kama haka kuma yakan mutu bayan makonni ba tare da an ga dalili ba. A sayi ƙanana guda biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Dalilin shi ne kifin animoni ba a haifarsa mace. A cikin kowace ƙungiya mafi girma da ƙarfi shi ne yake rikiɗa ya zama mace, na biyu ya zama mijinta, kuma idan macen ta mutu mijin ne yake rikiɗa ya gaje ta. Wanda ya riga ya zama mace ba ya komawa namiji, shi ya sa manya biyu da aka haɗa sukan yi faɗa har ɗaya ta halaka.

Tun da yawanci daga nesa za a aiko shi, a nemi dillalin ya turo bidiyon kifin yana cin abinci a ranar. A duba ko numfashinsa ba ya sauri, fukafukansa a buɗe suke, babu farin yauƙi ko ɗigo-ɗigo a jikinsa. A tambaye shi awon gishirin ruwan da kifin yake ciki. Wata irin tafiya ta rangaji da kifin yake yi, yana kaɗa jiki sama da ƙasa a wuri ɗaya kamar bai iya iyo ba, ɗabi'arsa ce, ba ciwo ba.

Lokacin kawowa yana da muhimmanci. Daga Maris zuwa Mayu ba lokacin safarar kifi ba ne. Damina ta fi, domin zafi ya sauka, sanyi bai zo ba. Ana ɗaure shi a leda da ruwa kaɗan da oksijin mai yawa, a cikin akwatin kumfa, kuma jirgi zuwa filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya fi motar da za ta kwana a hanya daga Legas. Wanda zai karɓa ya isa kafin kayan su sauka, ya ɗora akwatin a cikin mota inda mutane suke zaune, ba a but ba, ba kuma a bayan babur cikin rana ba.

Da isa gida a kashe fitilar akwati, a ɗora ledar a rufe a kan ruwan na minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya daidaita. Sannan a buɗe, a juye kifin da ruwansa a ƙaramar roba, a riƙa ƙara masa rabin kofi na ruwan akwati duk bayan minti biyar har na kimanin rabin sa'a. Kada a wuce haka idan kifin ya daɗe a hanya, domin amoniyar da ta taru a ledar tana ƙara zama guba da zarar iska ta shiga. A ɗauke shi da ƙaramar raga ko kofi a saka shi a akwati, a zubar da ruwan ledar a waje. Ranar ba a ba shi abinci, ba a kuma tara yara su yi ta ƙwanƙwasa gilashi.

Game da animoni ita kanta, shawarata ita ce kada a saya. Kifin ba ya buƙatarta a akwati tun da babu mai farautarsa, ita kuwa tana buƙatar haske mai ƙarfi da ruwan da ya shekara da zama, tana yawo har famfo ya tsotse ta, kuma idan ta mutu tana iya lalata ruwan duka a dare ɗaya. Masu kiwon kifin don sayarwa tukunyar fulawa ta gasasshiyar ƙasa suke kwantar masa, ya mayar da ita gida. Idan za a yi haka, tukunyar ta zama sabuwa, marar fenti, a jiƙa ta mako guda a ruwan RO ana canjawa kafin a sa ta.

Hidimar yau da kullum

Abincinsa a teku ƙananan halittun da ke yawo a ruwa ne da gansakuka. A akwati ana ba shi ƙananan ƙwayoyin abincin kifin teku sau ɗaya ko biyu a rana, gwargwadon abin da zai cinye a minti biyu. Abincin tarwada ya yi masa girma da maiƙo, busasshen kirefish na kasuwa kuma ba a san abin da aka fesa masa ba. Atemiya, wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwan gishiri da masu ƙyanƙyasar tarwada suka sani, tana da kyau a matsayin ƙari, kuma ƙwanta yana fashewa cikin kwana guda ko ɗaya da rabi a ruwan gishiri da ake hura wa iska. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin akwati.

Abu na biyu na kullum shi ne cikon ruwa. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri kuwa yana nan, don haka duk litar da ta ƙafe tana ƙara wa abin da ya rage ƙarfin gishiri. A ja layi da maka a jikin gilashi daidai bakin ruwa ranar da awo ya nuna 1.025, kullum a cika zuwa layin da ruwan RO zalla, wanda ba gishiri a cikinsa. Wanda ya yi ciko da ruwan gishiri zai wayi gari bayan mako biyu da ruwan da ya fi ƙarfin kifinsa. A rani, musamman idan fanka tana aiki, ana iya rasa lita biyu ko fiye a rana, sai a raba cikon safe da yamma. Farin ɓawon gishiri da yake taruwa a bakin akwati da kan waya a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma ɗaga soket sama da akwatin ko nesa da shi, domin wannan ɓawon yana ɗaukar wutar lantarki idan ya jiƙe.

A bazara a saita fankar ta riƙa busa saman ruwa ta cikin ragar murfi. Abin da yake sanyaya ruwan randa shi ne yake aiki a nan, kuma busasshiyar iskar arewa tana taimakawa, har zafin ya iya sauka da digiri biyu ko uku. A mayar da lokacin fitila zuwa dare. Ranar da ma'auni ya doshi 30 duk da haka, a jefa robar ruwa mai ƙanƙara, a rufe da murfinta, ta yi yawo a kan ruwan, a riƙa dubawa don kada zafin ya faɗi da sauri. Ƙanƙarar kasuwa ba a sa ta tsirara a ciki. A hunturu kuma a saita hita a digiri 25, a lulluɓe bayan akwatin da gefunansa da kwalin kumfa ko bargo da dare don rage wa batir aiki, a rufe tagogi saboda ƙura.

Sau ɗaya a mako a zuƙe lita 10 da tiyo, ana bin saman yashi don kwashe datti, a mayar da sabon ruwan da aka haɗa tun jiya, wanda gishirinsa da zafinsa suka yi daidai da na akwati. Soson matata a ɗauraye shi a cikin ruwan da aka zuƙe, domin ruwan rijiya yana kashe bakteriyar da ke jikinsa. A gwada nitiret, a yi ƙoƙari kada ya wuce 20. Idan yana hawa, a rage abinci, a ƙara yawan canji.

Cututtuka uku aka fi sani. Akwai mai fitar da fararen ɗigo kamar gishiri a jiki da fukafuki, akwai mai sa jiki ya yi kamar an barbaɗa masa hoda tare da saurin numfashi, akwai kuma burukulinela, wadda ta fi kama wannan kifi, musamman wanda aka kamo daga teku, tana sa fatarsa ta yi farin yauƙi mai saɓulewa, kuma tana kisa cikin 'yan kwanaki. Dukkansu da sabon kifi suke shigowa, saboda haka duk wanda za a ƙara daga baya ya fara yin mako huɗu a wani ƙaramin akwati dabam. A can ne kuma ake yin magani. Maganin da ke da tagulla ba a zuba shi a babban akwati, domin duwatsu suna shanye shi su riƙa sakinsa daga baya. Tsoma kifi mai ciwo na minti 3 zuwa 5 a ruwa marar gishiri, wanda zafinsa da pH ɗinsa suka yi daidai da na akwati, yana rage masa ƙwayoyin da ke jikinsa kafin a samo magani, amma ba ya warkar da shi.

Idan ruwa ya zauna lafiya, kifin yana iya haura shekara goma. Bayan shekara ɗaya ko biyu ana iya ganin ma'auratan suna tsabtace wani gefen dutse ko cikin tukunya da baki, sannan macen ta jera ɗaruruwan ƙwai masu ruwan goro. Namijin ne yake tsare su, yana yi musu fifita da fukafukansa, yana cire waɗanda suka lalace, har su yi duhu idanun 'ya'yan su fara ƙyalli, su fashe da dare bayan kimanin mako guda. Rainon 'ya'yan aiki ne dabam, domin a kwanakin farko ba sa cin komai sai wasu ƙananan halittu masu rai da ake kira rotifa, waɗanda su ma sai an yi kiwonsu a wani mazubi.

Idan tafiya ta kama mai akwatin, kifi mai lafiya yana jure kwana biyu ko uku ba abinci, amma ruwa ba ya jure rashin ciko. A ƙulla abincin kowace rana a takarda dabam-dabam, a ɓoye gwangwanin, a ajiye jarkar ruwan RO kusa da akwatin, a nuna wa ƙani ko ɗan da za a bar wa amana layin da ke jikin gilashi da inda ake kunna injin iska mai batir, a kuma bar masa lambar mai gyaran sola.